Gado, Ƙaddara da Ma'auni: Me Ya Sa Ake Binciken Abin da Kowa Ya Sani?

Akwai maganganu biyu game da ƙiba waɗanda jama'a suka ɗauka a matsayin gaskiyar da ba ta buƙatar hujja, kuma mutum ɗaya yakan furta su duka biyun a zama ɗaya ba tare da ya ji sun ci karo da juna ba. Ta farko ita ce ƙiba gado ce, wato wanda ya fito daga gidan masu jiki sai ya yi jiki ko da ruwa kaɗai yake sha, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta biyu kuwa ita ce ƙiba 'yar hutu ce, wato duk wanda ya ajiye teɓa zama ne ya yi masa yawa, da zai tashi ya motsa da tuni ta zube. Idan ta farko gaskiya ce ɗungurungum, motsa jiki ya zama wahalar banza ga ɗan gado. Idan kuma ta biyu ce gaskiya ɗungurungum, gado ba shi da ta cewa, kuma kowane mai ƙiba shi ya jawo wa kansa. Tsakanin waɗannan maganganu akwai mas'ala ta tauhidi, wadda ta shafi iyakar abin da aka ƙaddara wa bawa da abin da aka bar masa ya nema, akwai kuma mas'ala ta ilimi, wadda ta shafi ko ya dace a kashe dukiya da shekaru wajen binciken abin da kowa yake ganin ya riga ya sani.

Wunti, a cikin garin Bauchi, wuri ne da dukkan ɓangarorin biyu za su iya kafa hujja da shi. Ƙofar Wunti ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19, kuma a yau sunan ya haɗa kasuwa da shataletale da kewayen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da kuma ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A wannan ɗan tsukin ana samun masu fitowa sassarfa bayan sallar asuba, da 'yan dako da masu tura baro waɗanda ba su taɓa kiran aikinsu motsa jiki ba, da 'yan tireda da ke zaune a shago daga hantsi har magariba, da direbobin Keke Napep, da mata masu tuyar masa, abincin da Bauchi ta yi suna a kansa. Mai neman ɗan kasuwa siriri da ya shekara ashirin a kan benci zai same shi, haka ma mai neman ɗan dako mai tumbi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ido yana zaɓen abin da ya dace da ra'ayin mai shi ne, ya tsallake saura, kuma ba ya iya ƙidaya.

Malaman tauhidi da aka daɗe ana karanta littattafansu a zaurukan ƙasar Hausa sun tanadi ma'aunin da ya dace da wannan matsala tun kafin a san ƙwayoyin gado. Sun raba sani gida biyu: akwai na larura, wanda hankali ke kama shi ba tare da tunani ko dalili ba, kamar sanin cewa ɗaya rabin biyu ne, akwai kuma na nazari, wanda ba a isa gare shi sai an bi dalilai. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kuma raba hukunci gida uku a littafinsa Muƙaddimat, wato na shari'a da na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla alaƙa tsakanin abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar ƙoshi da cin abinci ko ƙuna da taɓa wuta, tare da cewa hankali bai hana alaƙar ta saɓa ba, kuma a wurin Ash'arawa, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari, Allah ne mai halittar sakamakon a daidai lokacin da sababin ya auku. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne hanyar tabbatar da wannan hukunci: maimaituwa ce kaɗai. Maganar cewa motsa jiki na rage ƙiba, da maganar cewa ɗan mai ƙiba yakan yi ƙiba, duka hukunce-hukuncen al'ada ne da yawan faɗa ya sa suka yi kama da sanin larura. Tunda kuwa maimaituwa ce tushensu, dole a tambayi sau nawa suke maimaituwa, a jikin su wa, da wane gwargwado, kuma a ina suke saɓawa. Waɗannan tambayoyi huɗu su ne ainihin aikin da masu binciken lafiya na zamani suke yi, ko da ba su taɓa jin sunan Sanusi ba.

Shi gadon kansa addini bai musanta shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin baƙauyen da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kokwanton ɗansa saboda launin fatar yaron ya saɓa da nasa, sai aka tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akan haifi mai launin toka, ya ce akan haifa, kuma da kansa ya danganta hakan ga wata jijiya ta kakanni da ta fizgo shi, aka ce masa to ɗansa ma haka. Abin da aka yi a ƙarni na 20 shi ne ƙoƙarin auna ƙarfin wannan jijiya a kan nauyin jiki, kuma wahalar aikin ita ce iyaye suna ba 'ya'yansu jini da tukunya a lokaci guda, ta yadda ba a iya gane wanne ne ya yi aiki. Albert Stunkard ya warware wannan ƙulli a 1986 ta hanyar bin mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, ya tarar nauyinsu bayan sun girma yana bin na iyayen da suka haife su, ba ya bin na waɗanda suka rene su. A 1990 kuma Claude Bouchard na Jami'ar Laval a Kanada ya tara tagwaye masu kama ɗaya har tagwaye 12, ya ƙara wa kowane ɗayansu kalori 1,000 a kan abincinsa na yau da kullum, kwana shida a mako, har tsawon kwana 100 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki). Kowa ya ƙara nauyi, amma wani ya ƙara kilo huɗu da 'yan kai, wani ya haura kilo 13, kuma kowane Hassan ya fi kusa da Husaininsa a kan sauran. Abinci ɗaya, zama ɗaya, sakamako daban. Wanda yake cewa shi ko kaɗan ya ci sai ya hau jikinsa ba lalle ne yana neman uzuri ba.

A 2007 aka gano ƙwayar gado ta farko mai yaɗuwa a cikin jama'a da ke da alaƙa da ƙiba, wadda ake kira FTO. Ƙwayar gado wani yanki ne na rubutun halitta da ke cikin kowane ɗan mitsitsin ginin jiki, kuma mutum yana karɓar kwafi biyu na kowace, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. An tarar cewa a cikin Turawa, wanda ya gaji nau'in FTO mai jawo ƙiba ta ɓangarorin biyu ya fi wanda bai gaje shi ba nauyi da kimanin kilo uku a matsakaici, kuma kusan mutum ɗaya cikin shida haka yake. Kilo uku ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kuma daga baya an gano ɗaruruwan wurare irin wannan a rubutun halitta, kowanne da ɗan ƙaramin tasirinsa, galibinsu suna aiki ne ta ƙwaƙwalwa, wato ta yadda mutum ke jin yunwa da yadda yake jin ƙoshi. Akwai dai nau'in ƙiba da ƙwaya ɗaya tak ke haddasawa, kamar na wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya 'yan asalin Pakistan da likitocin Kambirij suka bayyana a 1997, waɗanda jikinsu ba ya samar da sinadarin leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiyar kitse, amma irin wannan ba kasafai ake samunsa ba. Abin da akasarin mutane ke gada karkata ce, kamar gangaren da ke sa ruwa ya fi son bin wani gefe.

A nan ne mas'alar ƙaddara take shigowa, domin kalmar gado a bakin jama'a takan ɗauki nauyin da kalmar ƙaddara ke ɗauka, wato abin da ba a jayayya da shi. Tun ƙarnonin farko na Musulunci aka samu Jabariyya, waɗanda ake danganta ra'ayinsu ga Jahmu ɗan Safwan, masu ganin bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, aka kuma samu Ƙadariyya, masu ganin bawa shi ke samar da aikinsa da kansa. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen 936, ya tsaya tsakani da abin da ake kira kasabu, wato Allah ne mai halittar aiki, bawa kuma yana da nufi da kamawa waɗanda a kansu ake yi masa hisabi. Mai cewa ƙibarsa gado ce don haka ba abin da zai yi, ya ɗauko maganar Jabariyya ya sa mata rigar asibiti. Mai cewa duk mai ƙiba rago ne kuwa ya yi Ƙadariyanci a jikin wani. Matsayin da Sayyidina Umar ya ɗauka a Sarga, lokacin da ya juya da tawagarsa daga shiga Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, ya isa ya warware ɓangaren aƙida: riƙon sababi ba fita daga ƙaddara ba ne. Sai dai aƙida ba ta faɗi ko wannan sababi na musamman, wato motsa jiki, yana aiki a kan wannan karkata ta musamman ba. Wannan tambaya ce ta al'ada, kuma hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, inda aka mayar wa manoman Madina sanin sha'anin gonarsu bayan amfanin ya lalace, ya nuna wa wa aka bar irinta.

Amsar da ta fi shahara ta fito ne a 2010 daga gundumar Norfolk a Ingila, inda Ruth Loos da abokan aikinta na Kambirij suka duba mutum 20,430, suka ƙidaya wa kowannensu nau'o'in gado masu jawo ƙiba a wurare 12 na rubutun halitta, sannan suka raba su gwargwadon yadda suke motsa jiki a wurin aiki da lokacin hutu. Ga mutum mai tsawon mita 1.70, kowane nau'i ɗaya da ya gada yana tafiya da ƙarin giram 592 idan mai zama ne, amma giram 379 kacal idan mai motsi ne, kuma tasirin gadon a kan haɗarin kaiwa ga ƙiba sosai ya ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari a wurin masu motsi. A shekarar da ta biyo baya aka haɗa bayanan manya 218,166 daga bincike da dama a kan FTO kaɗai, sai ragin ya sauko zuwa kashi 27, kuma a cikin yara sama da 19,000 ba a ga wannan ragi ba. Da aka sanar da irin wannan sakamako, martanin da ya fi sauƙi shi ne a ce an ɓarnatar da kuɗi don a gano cewa motsa jiki na da amfani, abin da kowace kaka ta sani. Wannan martani ya kuskure wurin da sabon abu yake. Kaka ta san motsi na da amfani, ta kuma san gado na da ƙarfi, amma ba ta san abin da ke faruwa idan suka haɗu a jiki ɗaya ba, kuma kafin a auna, amsoshi uku ne suke iya yiwuwa: gado ya rinjayi motsi, ko motsi ya shafe gado, ko ya rage shi kawai. Da kowacce daga cikin ukun ta fito, da an samu masu cewa ai dama an sani.

Masanin zamantakewa Paul Lazarsfeld ya nuna wannan hali na ɗan Adam a 1949, lokacin da yake bitar wani babban bincike a kan sojojin Amurka. Ya jero wa mai karatu wasu sakamako, misali cewa sojojin da suka tashi a ƙauye sun fi 'yan birni jure wahalar soja, ya bar shi ya gyaɗa kai cewa wannan ai a fili yake, sannan ya bayyana cewa akasin kowannensu ne binciken ya gano. Hankali yana iya ƙera dalili mai gamsarwa ga abu da kishiyarsa, kuma da zarar an ji amsa sai a manta cewa ba a san ta ba jiya. Ibnul Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira a ƙarni na 11, bai ga ƙasƙanci ba wajen gwada cewa gani yana bin miƙaƙƙen layi ta hanyar leƙa bututu yana toshe shi, alhali ba wanda ya yi masa musu a kai.

Tarihin binciken motsa jiki kansa ya fara ne da irin wannan taka-tsantsan, kuma misalinsa zai yi wa mutanen tasha daɗin fahimta. A 1953 likita Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas-bas masu bene na Landan, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocinsu, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Da ya tsaya a nan da an tafa masa, amma ya yi wa kansa tambayar da mai gardama zai yi: zaman ne ya lalata direbobi, ko kuwa masu jiki ne tun farko suke zaɓen aikin zama? Sai ya koma ga kundin kayan sarki na kamfanin ya duba girman ƙugun wandunan da ake raba wa ma'aikata, ya tarar lalle direbobi sun fi faɗin ƙugu tun suna sababbin ɗauka, abin da ya wallafa a 1956, sannan aikin da ya biyo baya ya nuna kariyar da kwandastoci ke samu tana nan ko da an kwatanta masu jiki iri ɗaya. Duk mai kallon direban Keke Napep da ɗan dako a bakin kasuwar Wunti ya yanke hukunci cewa sana'a ce ta bambanta jikinsu, yana buƙatar ya yi wa kansa wannan tambaya, domin mai yiwuwa jikin ne ya zaɓi sana'ar. Binciken Norfolk ma bai tsira daga wannan ba, tunda kallo ne aka yi wa mutane yadda suke, kuma su da kansu suka faɗi yawan motsinsu a takardar tambayoyi.

Wurin da abin da kowa ya sani ya fi shan kaye kuwa, Najeriya na ciki. A 2009 Amy Luke ta Jami'ar Loyola da abokan aikinta suka wallafa sakamakon bin mata 149 na karkarar kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata 172 na wajen birnin Shikago. Matan Najeriya suna da matsakaicin nauyin kilo 58, na Shikago kuwa kimanin kilo 83, kuma kowa zai rantse cewa bambancin daga surfe da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa yake. An auna ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa da wata hanya da ba ta dogara da bakin mutum ba, inda ake ba shi ruwa mai alama ya sha, a riƙa duba yadda alamar ke fita daga jikinsa. Bayan an yi la'akari da girman jiki, ba a sami wani bambanci na kirki ba a ƙarfin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa wajen motsi, kuma yawan abin da mace ke ƙonawa bai nuna ko za ta ƙara nauyi a shekarun da aka bi su ba. A 2012 Herman Pontzer ya sami makamancin haka a wurin Hadza, mafarautan Tanzaniya. Abin da wannan ke nunawa shi ne jiki yana da dabarun daidaita abin da yake kashewa, kuma abin da ke shiga baki ya fi abin da ƙafa ke yi tasiri a kan sikeli. Amfanin motsa jiki ga zuciya da hawan jini da ciwon sukari tabbatacce ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, amma wanda ya fara zagaya filin wasa don ya ga kilo goma sun zube cikin wata biyu, sa'annan ya biya ta wurin mai masa ya rama abin da ya ƙona, zai karaya ya daina, alhali ribar da yake samu tana wurin da sikeli ba ya nunawa. Rashin sanin wannan bambanci yakan raba mutane da motsa jiki.

Daga nan hukuncin ɗabi'a yake fitowa, kuma ya fi nauyi a kan mai kallo fiye da mai jiki. Idan mutum biyu za su ci abinci ɗaya wani ya ƙara kilo huɗu wani 13, to girman jiki ba shaida ba ce a kan himmar mai shi, kuma izgilin da Suratul Hujurati ta hana ya haɗa da sunayen tsokana da ake laƙaba wa masu ƙiba tun suna makarantar allo. Lokacin da sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, an sanar da su nauyin waɗannan ƙafafu a mizani, kamar yadda Imam Ahmad ya ruwaito. Kuma Nana A'isha da kanta ta ba da labarin tseren da ta yi da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki ya wuce ta, cikin raha, ba tare da an mayar da jikin nata abin zargi ba. Wani abin da ke ƙara nuna raunin abin da ake kira sanin kowa shi ne yana sauyawa da wuri. A ƙasar Hausa an daɗe ana karanta ƙiba a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali, ana cewa amarya ta yi kyau idan ta murmure, ana tuhumar miji idan ta rame, har ta kai wasu 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu magungunan kumburi ne masu iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne, don haka a gari irin Bauchi matsalolin biyu suna iya zama a gida ɗaya, kuma wa'azin rage ci da aka kwafo daga Landan zai iya faɗawa a kunnen da bai dace ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa yadda ake faɗin maganar gado yake da muhimmanci. A ƙarshen 2018 masu bincike na Jami'ar Stanford suka wallafa gwajin da suka yi wa mutane sama da 200, inda suka gaya wa kowannensu sakamakon gwajin gadonsa ta hanyar ƙuri'a, ba tare da la'akari da ainihin abin da ya gada ba. Waɗanda aka ce musu sun gaji rashin juriyar gudu sun gaji da wuri fiye da yadda suka yi a gwajin farko, waɗanda kuma aka ce musu sun gaji saurin ƙoshi sun fi jin ƙoshi, har sinadarin ƙoshi ya ƙaru a jininsu. Gwaji ne ƙarami na ɗan lokaci, bai kamata a ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa ba, amma ya yi daidai da abin da malaman tarbiyya suka daɗe suna tsoro game da aƙidar tilas, wato tana kashe himma kafin a gwada ta. Likita ko malamin da ya ce wa mutum ƙibarka gado ce ya yi shiru, ya faɗi gaskiya guntuwa. Cikonta shi ne gadon ya fi cin wanda ya zauna, don haka ɗan gado ya fi kowa cin ribar tashi.

Sauran abin da ya rage shi ne hukuncin al'ada yana ɗaure da inda aka ga maimaituwarsa. Wani lissafi da aka yi a 2016 ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado a tsakanin mutanenta. Da aka duba FTO a cikin mutanen karkarar Gambiya sama da 2,000 a 2009, waɗanda galibinsu marasa jiki ne, ba a ga alaƙar da aka gani a Turai ba, ko dai don rubutun gadon ya bambanta, ko don karkatar ba ta samun abin da za ta ci a inda abinci bai wadata ba. A Maiduguri, Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa sun nuna a 2012 cewa yanayin unguwa, kamar tsaro da tsabta da nisan wuraren hulɗa, yana da alaƙa da yawan nauyin mazaunanta, wanda ke nufin ko motsin ma ba nufin mutum kaɗai ke yanke shi ba: matar da ba ta da inda za ta taka cikin sutura da aminci ba a kwatanta ta da saurayin da filin wasa ke bayan gidansu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi ɗaya, Masalihul Insan, kuma malaman fiƙihu sun sanya ilimin likitanci cikin farillan da idan wasu suka ɗauka sun sauke wa saura. Kashi 40 na Norfolk da kashi 27 na babban lissafin 2011 adadi ne na wasu mutane masu wani abinci da wata sana'a. Bauchi tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana da asibitin koyarwa mai ɗauke da wannan suna, tana kuma da 'yan dako da 'yan tireda da direbobi a kasuwa ɗaya, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a sana'o'i daban-daban. Ya kamata malaman waɗannan cibiyoyi su ɗauki sikeli da tef su shiga Wunti su auna.